Fadar Rumawa a Gindin Tsamiyar Sarki Korau

A zamanin da tsuntsu kan buɗe baki ya yi wa mutum magana, mutum kuma ya tsaya ya amsa bai ruga da gudu ba, an yi wani sarki a garin Gangare ana ce da shi Korau. Mutumin kirki ne, ba zalunci, ba rowa. Aibinsa ɗaya tak: in ya ji labarin wani abu a wata ƙasa, to abinci ba ya yi masa daɗi sai ya ga irinsa a ƙofar gidansa.

A ƙofar gidan nan akwai wata tsohuwar tsamiya, a gindinta ake zaman fada tun kakanni. Can ƙololuwarta wata shamuwa ce ke da sheƙa, mutanen gari suka sa mata suna Tabawa. Tabawa ta san duniya, ta kuma san ta san duniya, don ba a zama da ita minti guda ba ta ambaci wata ƙasar da ta taka ba. A wannan damina ta yi ƙwai uku, tana kwance a kansu, har ta fara jin motsi a ciki.

Ana nan sai ga Madugu Barmo, ƙanen matar sarki, ya dawo daga fataucin Tarabulus. Ya kawo turare, ya kawo darduma, amma babbar tsarabarsa ita ce baki. Ya ce a bakin teku ya shiga kufan wani birni na Rumawa, mutanen da suka mallaki duniya a da, har ya zauna a fadar sarkinsu.

"Ranka ya daɗe," in ji Barmo, "dakali ne na farin dutse, sumul kamar ƙwai, ya zagaye ɗaki ta gefe uku. Kowane mazauni da hudarsa a tsakiya, zagayayya, da 'yar tsaga ta gaba. Ga kwatar ruwa tana bi ta gaban ƙafafu. Hudar nan ta iska ce. Bafade na zaune iska na shigarsa ta ƙasa, ba gumi, ba gyangyaɗi. Shi ya sa suka ci duniya, Zaki. Mu kuwa muna nan kan buzu muna dahuwa."

Sarki ya miƙe tsaye don murna, ya zauna, ya sake miƙewa. Nan take ya sa masassaƙa suka sassaƙa samfuri, dogon katako mai hudoji a jere, aka ɗora bisa turaku. Ya kuma yanke cewa gobe da safe a sare tsamiya, a gina fadar Rumawa a gurbinta, a yi mazaunan da itacenta.

Gari na wayewa Tabawa ta leƙo daga sheƙa, ta ga masassaƙa suna wasa gatura a kan dutse. Ta dubi gatura, ta dubi ƙwanta. Ita dai tana iya tashi ta koma kan kuka ko rimi, amma ƙwai ba su da fiffike, in tsamiya ta faɗi sun fashe. Sai ta gyara gashinta, ta sauko a hankali, ta dira a gaban sarki, wanda ya riga ya hau kan samfurin ya zauna, fadawa a jere dama da hagu, kowa a kan hudarsa.

Ta ce, "Allah ya ba ka nasara. Iskar tana shiga?"

Sarki ya yi dariya ya ce, "Tana shiga, Tabawa! In roƙo kika zo yi, ki yi haƙuri. Na sa a yi miki sabuwar sheƙa a kan rimi."

"Ba roƙo na zo ba, Zaki, murna na zo taya ka. Ai birnin nan na san shi kamar cikin sheƙata. Ranar da Madugu ya shige shi ma ina wurin, a kan idona aka yi komai."

Barmo ya gyara zama, ya ce, "Ƙarya take yi, ranka ya daɗe. Ni ban ga tsuntsu ba."

"Ina za ka gan ni, Madugu, hancinka yana sama amma idonka bai bi shi ba? Ba kai ne mai jan rawani da bulala a hannu ba, da Cindo marini da Gajere mai raƙuma a bayanka?"

Sarki kuwa, da yake ba ya iya wuce labari, sai ya ɗaga wa masassaƙa hannu ya ce su dakata. Ya ce, "Faɗa mana yadda aka yi." Tabawa ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta ce:

LABARIN MADUGU BARMO A KUFAN RUMAWA

"Ka sani, Allah ya ja zamaninka, ina da dangi fararen shamuwa a can arewa, waɗanda ba sa sheƙa a kan itace, sai a kan ginshiƙan dutse na wannan kufai. Na je musu zumunci da rani. Muna zaune da hantsi muna hira, teku tana ta kaɗawa a gefe, sai ga mutum uku sun shigo ta babbar ƙofa, bakinsu a buɗe. Na ji Hausa, na ce lalle, yau akwai kallo.

"A bakin ƙofa akwai wani tsoho Balarabe mai kiwon awaki, a nan aka haife shi, a nan gemunsa ya yi fari. Ya yi musu maraba, ya ce su zo ya zaga da su ya gaya musu sunan kowane wuri. Madugu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, 'Ni da na ratso hamada da ayari, mai akuya ne zai nuna mini hanya? Baba, je ka ji da awakinka.' Tsoho ya ɗaga kafaɗa ya koma inuwa.

"Suka bi wani titi shimfiɗe da duwatsu, ginshiƙai a jere hagu da dama, kowane ya fi giginya. Gajere ya rungumi ɗaya hannunsa bai haɗu ba, ya ce, 'Madugu, waɗannan fa?' Madugu ya ce, 'Turakun dawakinsu ne mana. Ka ga turke ka san girman doki.' Gajere ya yi salati ya ce ashe da shi aka yi zamanin nan da ƙarƙashin doki zai riƙa wucewa da raƙuminsa.

"Suka isa wani gida mai ramuka manya a ƙasa, an daɓe su da dutse, har da matakala. Cindo ya yi tsalle ya faɗa ciki, ya fara kuka da hawaye. Ya ce, 'Marina ce! Wallahi marina ce! Ku dubi karofin mutane, ni ina can ina fama da rami kamar na gafiya!' Ya kwanta a ciki yana shafa bango yana neman sauran shuni. Dangina suka kusa faɗowa don dariya, don duk tsuntsun da ke wurin ya san gidan wanka ne.

"Suka tarar da mutum-mutumi na dutse, wani ba kai, wani ba hanci, wata mace ba zane. Madugu ya ce mutane ne aka tsine musu suka daskare. Gajere ya cire mayafinsa ya ɗaura wa macen, ya ce, 'Yi haƙuri, baiwar Allah, ko an tsine miki ai kina da 'yan'uwa.' Daga nan suka faɗa wani fili mai matakala a zagaye har sama, wanda in ka yi raɗa a ƙasa na can ƙoli zai ji. Madugu ya tsaya a tsakiya ya yi wa kansa kirari, dutse ya maido masa, ya juya ya ce, 'Kun ji? Har aljanun Rumawa sun san ni.'"

Fadawa suka fara murmushi a cikin rawani. Barmo ya ce, "To, kirarin ai an amsa." Sarki ya buga cinya yana dariya ya ce, "Ci gaba, Tabawa, kai mu fada!"

"Yanzu kuwa, Zaki. A bayan gidan wankan nan suka shiga wani ɗaki da rufinsa ya zube. Ga farin dakali, ga hudoji, ga kwata, yadda Madugu ya faɗa, bai ƙara ba bai rage ba. Madugu ya tsaya, ya cire takalmi. Ya ce, 'Ku cire naku, fada ce.' Ya nemi hudar tsakiya ya hau ya harɗe. Ya naɗa Cindo Waziri, ya naɗa Gajere Galadima, suka faɗi suka yi gaisuwa, goshi a ƙasa. Sai suka kwance guzuri, kilishi da dabino, suka shimfiɗa a kan dakali suka ci suka ƙoshi. Cindo ya ɗebi ɗan ruwan da ya kwanta a kwata ya shafa a fuska, wai tabarraki.

"Ni dai ina kan bango ina kallo, sai na ji wani abu yana ƙyaƙyatawa a ƙarƙashin dutse. Na leƙa, ashe wani tsohon kunkuru ne ya kife a bayansa, ƙafafu a sama, dariya ta kayar da shi. Na sa baki na juya shi. Na ce, 'Baba, lafiya?' Ya ce, ''Yata, na ɗauka irin mutumin nan sau ɗaya ake yinsa a duniya, ashe ya bar jikoki.' Na ce, 'Wane mutum?' Sai ya share hawaye ya ce:

LABARIN SHUGABAN MAKIYAYA DA SANDAR GIRMA

"'Kakar kakata ce ta ba da labarin nan, ita kuwa a cikin kwatar nan ta girma, lokacin da birni yake raye, ruwa yana gudu. Ta ce wata rana wani shugaban makiyaya ya zo daga cikin hamada sayar da dawaki, sunansa Akoli. Mutum ne mai girman kai, ko tafintan da ya zo da shi ba ya son a ga yana tambayarsa, kada a ce bai sani ba.

"'Da safe yana yawo sai ya ga manyan gari, masu tumbi da fararen mayafai, suna shiga wannan ɗaki. Ya bi su ya tsaya a ƙofa. Ya gan su a jere, mayafi ya rufe gwiwa, fuska a murtuke, suna zancen yaƙi da tsadar man zaitun. Wani yana nishi, Akoli ya ce a ransa nauyin mulki ne. Ya kuma lura a gaban kowa akwai wata gajeriyar sanda mai soso a kai, tsome a cikin kwata, duk wanda zai tashi sai ya ɗauke ta. Ya ce, shi ke nan, ga majalisa, ga sandar girma.

"'Ya tare wani attajiri Barume, ana ce da shi Lukiyus, ya nuna sandar, ya nuna ƙirjinsa, ya haɗa hannu yana roƙo. Lukiyus ya dube shi, ya dubi sanda, ya ce da harshensu, "Ɗauki mana, ai ta kowa ce." Tafinta ya buɗe baki zai yi magana, Akoli ya daka masa tsawa.

"'Ya naɗe ta a cikin alharini ya kai gida. Duk wanda za a ba sarauta sai an shafa masa ita a ka. Amarya in za a kai ta, a shafa mata. Jariri ranar suna, a shafa masa. Har tsofaffi suka riƙa rantsuwa cewa tun da sandar ta zo ciwon kai ya ragu.

"'Bayan shekaru sai fatauci ya kai Lukiyus ƙasar su Akoli. Akoli ya ji mai sanda ya zo, ya tara jama'a, aka yi kiɗa, aka zaunar da baƙo a kan kilishi. Aka kwance alharini, Akoli ya ɗaga sanda da hannu biyu ya nufi gemun Lukiyus da ita. Lukiyus ya gane ta. Ya kurma ihu, ya tsallake mutum biyu, ya bar takalmi a nan. Da ƙyar aka kamo shi a bayan tantuna. Wannan karo dai aka bar tafinta ya yi aikinsa.'

"Na ce, 'Baba kunkuru, me ya faɗa musu?'

"Ya ce, ''Yata, abin da mutanenku suke yi da buta, shi Rumawa suke yi da sandar nan. Ɗakin nan kuma bayan gida ne, na gari duka. Ran nan kaf ƙabilar Akoli, maza da mata, sai da suka aske kai ƙwal. Da ya yarda ya ce mene ne wannan, da kunyarsa ta tsaya a tsakaninsa da tafinta. Da ya ƙi, sai ya raba wa kowa a ka. Ga shi yau jikokinsa sun zo sun ci kilishi a wurin.'

"To, Allah ya ba ka nasara, ka ji abin da kunkuru ya gaya mini. Madugu dai ya fita ya wuce tsoho mai awaki bai ce masa uffan ba, alhali kalma biyu ta isa. Akoli kan ƙabilarsa kaɗai ya shafa wa. Madugu kuwa so yake ya ɗora gari guda a kai, da sarkinsa."

Waziri ya fara zamewa a hankali daga kan hudarsa, ya koma gefen katako da rabin mazaunai.

Barmo ya yi wuf ya miƙe, rawani na rawa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a yi wa Allah a duba maganar nan! Wa ya taɓa ganin an yi bayan gida da farin dutse? Wa ya taɓa ganin an zauna, ba a tsuguna ba? Mu nan mutum in zai zaga sai ya saci jiki, ko ɗansa ba ya so ya gan shi, in ya shiga ko sallama aka yi ba ya amsawa. Sai a ce manyan mutane su jeru kafaɗa da kafaɗa suna hira? Haba! Tsuntsuwar nan ƙwai gare ta a sama, shi ya sa ta ƙago kunkuru."

Sarki ya shafa gemu. Maganar ta shige shi, don shi ma hankalinsa ya kasa ɗaukar zancen jeruwa. Ya ce, "Tabawa, Madugu ya yi magana. Mai ƙwai a kan tsamiya ba zai rasa kunkuru ba." Masassaƙa suka ɗaga gatura suka saɓa.

Tabawa ba ta nuna tsoro ba. Ta ce, "Gaskiya ne ina da ƙwai, kuma ina son su. Kada ka yarda da ni, Zaki, kada kuma ka yarda da Madugu. A nemo wanda bai ji labarin kowa ba, a nuna masa katakon nan, kada a ce masa komai. In ya ce fada ce, ni da kaina zan nuna wa masassaƙa inda za su fara sara."

Aka duba, duk gari ba wanda bakin Barmo bai kai gare shi ba, sai mutum ɗaya: Hansai, kakar sarki, tsohuwa tukuf, kunne ya yi nauyi, gwiwoyi sun daina lanƙwasuwa, ba ta fita sai da dalili. Ita kaɗai ce kuma ke iya tsokanar sarki a gaban mutane, don wasan jika da kaka. Aka aika, aka fito da ita tana dogara sanda tana mita.

Sarki ya gyara zama a kan hudarsa, ya baza riga, fadawa suka koma nasu. Ya ɗaga murya ya ce, "Tsohuwa, zo ki ga abin da mijinki ya yi!"

Hansai ta matso, ta ƙanƙance ido. Ta ga wata huda da ba kowa a kai, ta zura sandarta a ciki ta jujjuya. Ta dubi tsagar gaba. Ta ɗago ta dubi sarki, ta dubi Waziri, ta dubi Liman a can ƙarshe. Sai ta saki sanda, ta rufe fuska da mayafi, ta kurma salati.

"Korau! A ƙofar gida? Da rana tsaka? Da rawani?"

"Tsohuwa, me kika gani?"

"Me na gani? Ba irin kujerar da aka sassaƙa mini ba ce tun da na kasa tsuguno, wadda ake ɓoye mini a bayan ɗaki? Wa ya ce a yi ta da yawa haka? Dukanku ne gwiwa ta mutu? Me kuka ci jiya a gidan nan? Har da kai, Malam? To ku gama, ni na juya baya. Wani ya kawo musu buta!"

Liman ne ya fara tashi, ya bar carbi. Waziri ya yi tsalle rigarsa ta maƙale a tsaga, ya ja katako, katako ya goce daga turke, Galadima ya tafi da baya ƙafafu a sama kamar kunkurun labari. Masassaƙa suka yar da gatura suka kwanta a ƙasa suna riƙe ciki. Sarki Korau ya tsaya a tsakiya, kunya ta kama shi, dariya ta fi ƙarfinta, ya yi ta yi har hawaye ya jiƙa amawali.

Da ya samu numfashi ya ce, "Tabawa, kin fisshe ni. Saura kaɗan in kira sarakunan maƙwabta buɗe fada, in jera su. Na ji, na kuma karɓa: daga yau duk abin da aka kawo mini daga wata ƙasa, sai na tambayi me masu shi suke yi da shi, ko da mai akuya zan tambaya. Tsamiya tana nan. Wanda ya taɓa ko reshenta, da ni ya yi."

Ya juya ga Barmo, wanda ke neman hanyar sulalewa ta bayan doki. Ya ce, "Madugu, ba za ka tafi hannu wofi ba. Kai ka gano fadar nan, kai za ka riƙe ta. A kai katakon bayan kasuwa, a haƙa rami, a kewaye da zana, kowace huda da nata shinge, don mu ba Rumawa ba ne. Na naɗa ka Sarkin Fadar Rumawa." Maroƙa suka ɗauka nan take, kuma sunan bai sake shi ba har ya tsufa.

Tabawa ta yi godiya, ta buɗe fiffike ta koma sheƙa. Tana isa ta tarar ƙwai ɗaya ya tsage, wani ɗan baki ya leƙo yana neman abinci. Ta leƙa ƙasa, ta ga sabon basarake ya zo daidai ƙarƙashin reshenta yana gyara jan rawaninsa. Ta auna shi da kyau, ta yi masa irin gaisuwar da ake yi a fadar tasa, daga sama.